Dokar laifukan intanet: an yi mata gyara, me ya sa ba a daina kama mutane kan rubutu ba?

A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar laifukan intanet, wadda aka shafe kusan shekara tara ana kuka da ita. Labarin da ya bazu a lokacin shi ne an cire sashen da 'yan sanda ke kafa hujja da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar hukuma. Ba a cika wata uku ba sai ga shi an kama Daniel Ojukwu, ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf a Legas, aka wuce da shi Abuja, ya kwashe kwanaki a tsare bisa zargin karya wannan doka dai. Kamen kuma bai tsaya a kansa ba.

Wannan ne ya jefa mutane cikin ruɗani. Malamin makaranta mai rubutu a Facebook daga Tudun Wada, da matashiya mai bidiyo a TikTok daga Sabon Tasha, da dattijon da aka ɗora wa kula da zauren WhatsApp na unguwa a Rigasa, duk a garin Kaduna, tambayarsu ɗaya ce: wace magana ce doka ta hana, wace ce ta bari, kuma wane ne ke da ikon rarrabewa?

Hanyoyi uku da hukuma ke bi

Ana yawan cakuɗa abubuwa uku wuri guda, alhali kowanne da yadda yake aiki. Akwai toshewa, wato hukuma ta hana magana isa ga jama'a tun farko, kamar rufe shafi ko katse layukan waya. Akwai hukunta mai magana bayan ya yi ta, ta hanyar kame da gurfanarwa. Sai kuma ƙa'idojin da ake gindaya wa kamfanoni irin su Meta da X da TikTok da gidajen rediyo da talabijin, inda hukuma ba ta taɓa mai rubutu kai tsaye, sai dai ta matsa wa mai dandalin ya goge abin da aka rubuta.

Haka ita ma maganar da ake tuhuma a kanta ba iri ɗaya ba ce. Ɓata suna shi ne jingina wa wani mutum takamaimai abin da zai zubar masa da mutunci. Labarin ƙarya yana iya kasancewa bai ambaci kowa ba. Kalaman ƙiyayya su ne waɗanda ke tunzura jama'a a kan wata ƙabila ko wani addini. Suka kuwa, ko da ta yi zafi, ko da ta zo da rashin ladabi, ita ce faɗin ra'ayi a kan yadda mai mulki ke tafiyar da amanar jama'a. Mafi yawan rigingimun da ake yi sun samo asali ne daga ɗaukar suka a saka mata rigar ɗaya daga cikin ukun farko.

Abin da tsarin mulki ya bayar, da abin da ya riƙe

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da riƙe ra'ayi, da karɓa ko isar da bayani ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 kuma ya ce ana iya yin dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar abin karɓa ce a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Gwamnati na jingina da sashe na 45, masu fafutuka na jingina da na 39, kuma duka biyun suna nan a rubuce.

Kotuna sun taɓa jan layi. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Arthur Nwankwo wanda aka ɗaure kan sukar gwamnan tsohuwar jihar Anambra, ta ce dokar cin amanar hukuma ta hanyar rubutu da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da ƙasa mai 'yanci ba, kuma mai mulkin da ya ga an ɓata masa suna ya je ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa. Shekara guda bayan haka sojoji suka kafa Doka ta 4 ta 1984, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaiɗai. Tun daga wancan lokaci ake wannan ja-in-ja, intanet ƙara mata faɗi kawai ta yi.

Sashe na 24

An kafa dokar laifukan intanet ne a 2015, a ƙarshen mulkin Goodluck Jonathan, kuma akasarin sassanta sun shafi damfara da kutse da satar bayanan banki, abubuwan da ba wanda ke jayayya a kansu. Matsalar tana sashe na 24. A yadda aka rubuta shi da farko, laifi ne mutum ya aika saƙon da ya munana ƙwarai, ko saƙon da ya san ƙarya ne da nufin ɓata wa wani rai, ko takura masa, ko cin mutuncinsa, ko jawo gaba, ko jefa shi cikin damuwa ba gaira ba dalili. Hukuncin shi ne tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara 3, ko duka biyun.

Duk wanda ya karanta waɗannan kalmomi zai ga inda gizo ke saƙar. Ɓacin rai ba shi da ma'auni. Rahoton gaskiya a kan kwangilar da aka karɓi kuɗinta ba a yi aikin ba, dole ya ɓata wa wani rai. An kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a ƙarshen 2022 bisa zargin ɓata suna kan rubutun da ya yi game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Da sashe na 24 kuma aka tuhumi wata mata 'yar Legas wadda a 2023 ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani da ta saya. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci har sau biyu, a 2020 da 2022, cewa sashen ya saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu, ta kuma umarci a gyara shi.

Gyaran 2024 ya cire kalmomin ɓacin rai da cin mutunci da takura. Abin da ya rage a sakin farko shi ne saƙon batsa, da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne kuma ya aika da nufin haddasa karya doka da oda ko jefa rayuwa cikin haɗari. Ci gaba ne na gaske, domin yanzu mai gabatar da ƙara sai ya nuna abu biyu: cewa mutumin ya san ƙarya yake yaɗawa, da cewa tayar da fitina yake nufi.

To me ya sa ake ci gaba da kame? Dalili na farko, haddasa karya doka da oda shi ma zance ne mai faɗi, jami'in da ke son kama mutum ba zai rasa yadda zai cusa rubutu a ƙarƙashinsa ba. Na biyu, saki na biyu na sashen, wanda ya shafi barazana da tsangwama, yana nan. Na uku, dokokin jihohi ba su motsa ba. Kundin hukunta laifuka na jihar Kaduna, kamar na sauran jihohin Arewa, yana ɗauke da laifin ɓata suna da ƙage mai cutarwa da tunzura jama'a, kuma sau da yawa ana haɗa su da tuhumar intanet a takarda guda. A Kano, a watan Nuwamban 2022, wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tarar naira 10,000 kowannensu da sharar harabar kotu na kwana 30, kan ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin.

Dalili na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Wahalar da mai rubutu ke sha tana zuwa ne tun kafin alƙali ya saurari hujja. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Amma laifukan da ke cikin dokar intanet hurumin Babbar Kotun Tarayya ne. Abin da ake yi shi ne a kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraren shari'ar, a nemi izinin ci gaba da tsare shi kafin a kammala bincike, a tura shi gidan gyaran hali. Daga nan sai jiran shawarar ma'aikatar shari'a, sai ɗage zama, sai sharuɗɗan beli irin su kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili a cikin gari. In an kama mutum a wata jiha aka kawo shi wata, iyalinsa su ne da kuɗin mota da masauki da lauya. Da yawa daga irin waɗannan shari'o'i sukan mutu a hanya ba tare da an samu kowa da laifi ba, amma wanda aka tsare ya riga ya rasa watanni, wani ma ya rasa aikinsa. Gyara kalmomin doka bai taɓa wannan hanya ba ko kaɗan.

Kaduna ta ga fuskokin biyu

Babu jihar da ta fi Kaduna sanin cewa magana zarar bunu ce. A watan Nuwamban 2002 wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga lokacin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200 a garin nan, shekara biyu kacal bayan rikicin 2000 da ya raba mazauna gari gida biyu, wasu suka koma arewacin kogi wasu kudancinsa. A lokacin babu wayar da ke tura hoto cikin daƙiƙa. Yau tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya zagaye zauruka ɗari kafin azahar da sunan abin da ya faru jiya a Kajuru ko Zangon Kataf. Mai cewa a bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama, bai yi wa wannan tarihi adalci ba.

Shari'ar Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙa, ta nuna yadda lamarin ke da sarƙaƙiya. A farkon 2017 ya wallafa a Twitter cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Makarantar ta musanta, labarin ya tabbata ba gaskiya ba ne, shi kuma ya janye ya nemi afuwa, yana mai cewa direbansa ne ya yaudare shi. Gwamnatin jiha ta ce labari irin wannan na iya jawo ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma wannan damuwa ce mai tushe. Duk da haka, bayan an kama shi a Legas an tsare shi, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce an tauye masa haƙƙi, ta ba da umarnin a biya shi diyyar naira miliyan 40, adadin da aka rage daga baya a ɗaukaka ƙara. Rubutun ƙarya ne, kamen kuma ya saɓa doka. Abu biyun sun haɗu a shari'a guda.

Akwai wasu. Steven Kefas, wanda aka kamo daga Fatakwal a 2019 kan rubuce-rubucensa game da rikicin Kajuru, ya shafe sama da wata biyar a tsare. Ɗan jarida Luka Binniyat ya yi kusan wata uku a tsare daga Nuwamban 2021 kan rahoton da ya rubuta game da kashe-kashe a kudancin jihar. Sai kuma abin da ya fi kowanne tayar da hankali, wanda ba ya cikin kowace doka: a farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a mai zafin sharhi a kafafen sada zumunta, daga ƙofar gidansa a Barnawa, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hukumomin tsaro sun ce ba ya hannunsu. Ko ma wane ne ya aikata, matasa masu rubutu da Hausa sun ɗauki darasi daga rashin samun amsa, kuma darasin ja da baya ne.

Lokacin da aka kashe layi gaba ɗaya

A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya ce ana amfani da dandalin wajen yi wa haɗin kan ƙasa zagon ƙasa. An buɗe shi ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da yin rajista a Najeriya da biyan haraji. A watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar haramtacciya ce, musamman da yake babu wata doka ko umarnin kotu da aka dogara da shi.

Wanda ya fi taɓa talakan Kaduna shi ne katse layukan waya. Zamfara ta fara a farkon Satumban 2021, Katsina da Sakkwato suka biyo a wasu ƙananan hukumomi, Kaduna ta bi sahu a ƙarshen watan a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, irin su Birnin Gwari da Giwa da Chikun, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, a kuma hana su kiran iyalai neman kuɗin fansa. Jama'a da dama sun yi maraba da farko saboda sun gaji. Amma layin da infoma ke amfani da shi, da shi ne mai gari ke kiran sojoji idan an shigo, da shi ake neman mota ga mai naƙuda, da shi mai POS ke cin abinci. Matakin bai bambance mai laifi da wanda ake zalunta ba, kuma an ɗauke shi ne da umarnin hukuma, ba tare da ya bi ta gaban alƙali ba.

Ƙudirori da ƙa'idoji

Majalisar dattawa ta sha gwadawa. Ƙudirin Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015 an janye shi a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo na yaƙi da labaran ƙarya a intanet, wanda ya yi kama da dokar Singafo, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya kawo na kalaman ƙiyayya, wanda da farko ya tanadi hukuncin rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. Babu wanda ya zama doka. Abin da bai samu shiga ta majalisa ba, wani ɓangarensa ya shigo ta hukumomi: a 2022 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa manyan dandali yin rajista a ƙasar, da naɗa wakili, da gaggauta cire abin da hukuma ta sanar da su cewa ya saɓa doka. Ita ma hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 a 2022 kan shirin da ta yi game da 'yan bindiga, kafin Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2023 hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan tsaurarawa suna cewa kamfanonin nan na ƙasashen waje ne, suna kwasar kuɗin talla a nan ba tare da ɗaukar alhakin ɓarnar da ake yi a dandalinsu ba, kuma ba su da isassun ma'aikatan da ke jin Hausa balle Fulfulde ko Tyap da za su gane saƙon tunzuri. Suna nuni da cewa Jamus ta yi doka a 2017 da ta tilasta cire haramtaccen rubutu cikin gaggawa, Tarayyar Turai ma tana da tata. Suna kuma tuna wa mutane matan da ake yaɗa hotunansu don tozartawa, da 'yan kasuwar da yarfe ɗaya ke rusa musu sana'a. Malamai da iyaye da yawa a Arewa suna wannan layi ne saboda tarbiyya, ba don siyasa ba.

Masu adawa ba su musanta ɓarnar ba. Abin da suke cewa shi ne a duba su wa ke shigar da ƙorafin da ake kame a kansa: galibi gwamnoni ne da 'yan majalisa da manyan jami'ai da masu kuɗi. Yarinyar da aka tozarta a TikTok ba kasafai ake tura mota daga wata jiha a kamo wanda ya zalunce ta ba. Suna ƙarawa da cewa a ƙasashen da ake misali da su, kamfani ko mai rubutu na iya ƙalubalantar umarni a kotu mai saurin aiki ba tare da ya kwana a bayan kanta ba.

Idan aka auna hujjojin biyu da abin da ya faru a zahiri, na farko sun yi gaskiya cewa akwai cuta, na biyu kuma sun fi su hujja a kan yadda ake amfani da maganin. Shari'o'in da aka ambata a sama kusan duk sun taso ne daga maganar da ta shafi masu iko, kuma a manyan matakai uku, wato sashe na 24 da rufe Twitter da tarar NBC, kotu ta ce hukuma ta wuce gona da iri.

Abin da ya shafi mai waya a hannu

Tura saƙo ma aikawa ne. Wanda ya ga labarin hari ya watsa shi a zauruka ba tare da tantancewa ba yana iya fuskantar tuhuma, ko da ba shi ya ƙirƙira ba, duk da cewa a ƙarƙashin gyaran 2024 sai an tabbatar ya san ƙarya ne. Ɓoye suna ba kariya ba ce sosai, tunda an haɗa layukan waya da lambar NIN, kuma dokar ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan masu hulɗa da su na shekara biyu. Wanda aka gayyata ofishin 'yan sanda kan rubutu yana da haƙƙin ya yi shiru har sai ya ga lauya, kuma gara ya je da wani ya kuma sanar da iyalinsa inda yake.

Babbar illar ba ta bayyana a ƙididdiga. Ma'aikaciyar asibitin da ta san babu magani a ɗakin ajiya, da malamin da ya ga rufin aji ya yaye shekara biyu, da mazaunin ƙauyen da ya san an sace mutum 30 alhali sanarwa ta ce 5, kowannensu yakan yi lissafin abin da zai biyo baya ya ajiye wayar. A yankunan da 'yan jarida ba sa iya shiga, irin waɗannan mutane su ne kaɗai hanyar da labari ke fitowa, kuma gwamnati kanta tana buƙatarsa. Idan sahihan shaidu suka yi shiru, fili yakan koma hannun shafuka marasa suna, waɗanda su ne tushen jita-jitar da ake son magancewa.

Ba duk gyaran ne ke hannun Abuja ba. Ghana ta soke ɗauri kan ɓata suna tun 2001, jihar Legas kuma ba ta saka shi cikin kundin laifukanta na 2011 ba, wanda ke nufin wanda aka ɓata wa suna a ƙarƙashin dokar jihar diyya zai nema. Majalisar dokokin Kaduna tana da ikon yin haka ga nata kundin, ta bar laifin tunzura rikicin ƙabila da addini da cikakken ƙarfinsa. Babban alƙalin jiha kuma yana da ikon ba majistarori umarnin aiki kan yadda suke amincewa da buƙatar tsare mutum a shari'ar da ba huruminsu ba, musamman idan abin da ake tuhuma a kai rubutu ne.